Sharhi kan manhajar hira ta ƙirƙirarriyar basira: inda take taimakon ɗalibi da inda take yaudararsa

Duk wanda ya bi ta Samaru ko Kongo, harabobin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a lokacin rubuta furojet zai ga yadda ɗalibai suka rungumi manhajojin nan da ake hira da su, irin su ChatGPT da Gemini da Claude, har da Meta AI da ke cikin WhatsApp. Na yi amfani da ɗaya daga cikinsu, ta kyauta, a waya, wajen rubutun Hausa da na Turanci. Tana da amfani ƙwarai ga wanda ya san yadda take aiki. Wanda bai sani ba kuwa, za ta kai shi ta baro.

Abin da ke cikinta shi ne babban injin harshe, kuma aikinsa guda ne tak: a ba shi rubutu, ya yi hasashen abin da zai biyo baya. Kamar yadda madannin waya ke kawo maka kalma ta gaba ne, sai dai wannan ya ninka shi nesa ba kusa ba. Yana daddatsa rubutu gutsure-gutsure, ya mayar da kowanne lambobi. A Turanci gutsure ɗaya kan kai kimanin haruffa huɗu. Daga nan sai ya lissafa wane gutsure ya fi dacewa ya biyo, ya liƙa shi, ya sake lissafi. Shi ya sa amsar ke fitowa kaɗan-kaɗan a fuskar waya. Akwai ɗan ƙuri'a a cikin zaɓin, don haka tambaya ɗaya kan samu amsa daban idan ka maimaita ta.

Wajen horo, ana ba shi tarin rubutu, a ɓoye abin da ke gaba, ya yi hasashe, in ya kuskure a gyara ma'aunansa, wato lambobin cikinsa da yake lissafin hasashen da su. Wani irin injin nan mai suna GPT-3 da ya fito a 2020 yana da irin waɗannan ma'aunai biliyan 175, bisa tsarin Transformer da masu bincike na Google suka fitar a 2017. Bayan nan mutane sukan zauna su tantance amsoshinsa, suna nuna wadda ta fi, har ya koyi amsa tambaya cikin ladabi da tsari. A Nuwamba 2022 aka saki ChatGPT ga jama'a.

Inda ta burge ni shi ne bayani. Ka liƙa mata sakin layi mai wuya daga takardar lacca, ka ce ta fayyace shi kamar ga ɗan aji ɗaya, za ta yi, kuma ba ta gajiya da maimaici. Ta iya gyaran nahawun Turanci, ta iya tsara babi.

Babbar matsalar tana wajen madogara. Babu laburare a cikin injin nan, ma'aunai ne kawai. Idan ka ce ta ba ka mujallu biyar a kan noman masara a Arewa, za ta iya kawo sunan marubuci da shekara da lambar shafi, komai tsaf, alhali takardar babu ita a duniya. Siffar madogara ta koya, ita ta zuba maka, kuma da muryar da take faɗin gaskiya da ita take faɗin wannan. Abin yana damuna, domin ɗalibin ne zai tsaya gaban malamai ranar kare aiki, shi zai sha kunya. Duk sunan da ta bayar, ka nemo shi a Google Scholar, shafin neman takardun bincike, ko a Laburaren Kashim Ibrahim na jami'ar. Abin da ba ka gani da idonka ba, kada ya shiga aikinka. Ko an kunna mata binciken intanet, ka buɗe shafin da ta nuna ka karanta, don takan jingina wa shafi abin da bai faɗa ba.

Hausarta kuma sai a hankali. Takan yar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, ta rikita "ya" da "ta", jimlar ta fito da ƙirar Turanci. Dalilin a fili yake. Tun 1939 da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan Zariya ake ɗab'in Hausa mai kyau, amma mafi yawansa yana kan takarda, injin kuwa abin da ya shiga kwamfuta ya karanta. Ga shi haruffa masu ƙugiya suna sa kalma ta ƙara daddatsewa, sai rubutun Hausa ya fi na Turanci cinye wurin da take iya riƙewa.

Wurin nan yana da iyaka. In hira ta yi tsawo, abin da ka faɗa tun farko yakan kuɓuce mata, ta fara saɓa wa kanta. Ka buɗe sabuwar hira ga kowane babi, ka sake faɗa mata fanninka da matakin karatunka da tsawon da kake so. Ka ba ta rubutun da kanka, ka ce ta tsaya a kansa kaɗai. Lissafi mai lambobi da yawa ka sake shi da kalkuleta, tunda hasashen lambobin take iya yi maimakon ƙirga su. Labarin kwanan nan ma kada ka dogara da ita, saninta ya tsaya a lokacin da aka rufe horonta.

Kada ka saka mata lambar BVN ko NIN, ko sunayen mutanen da ka yi hira da su a bincikenka. Ka shiga saitin manhajar ka duba ko ana amfani da hirarka wajen horo, in akwai maɓallin kashewa ka kashe.