Darasin injin tuƙin kwale-kwale a wata cibiyar motsa jiki ta Jos: koyarwa mai kyau, kulawa mai rauni

Cibiyar da nake magana a kanta tana kan hanyar zuwa Rayfield, a saman wani bene mai shaguna a ƙasa, kuma ba ta fi sauran wuraren motsa jiki na Jos girma ko ƙawa ba. Abin da ya bambanta ta shi ne tana da koci wanda ya san injin tuƙin kwale-kwale da gaske, ya kuma ware lokaci da safe da bayan la'asar domin koyar da shi. Saboda wannan darasi na biya kuɗin rajista, don haka a kansa zan yi hukunci, ba a kan ƙarafan ɗagawa ko injinan gudu da ke ɗaya ɓangaren ba.

Injinan da suka ajiye ƙirar Concept2 ne, kamfanin jihar Vermont ta Amurka wanda wa da ƙani, Dick da Peter Dreissigacker, suka kafa a 1976, suka kuma fitar da injinsu na farko a 1981. Tsawon injin ya kai santimita 244, yana da mazauni mai zamewa a kan doron ƙarfe, da matakin ƙafa mai maɗauri, da mariƙi wanda sarƙa ta haɗa da wata fanka a cikin keji. Iskar da fankar ke karo da ita ce take ba da nauyin ja, saboda haka gwargwadon ƙarfin da mutum ya sa, gwargwadon turjiyar da zai ji. Ƙaramin allon da ke nuna lissafi yana aiki da manyan batura biyu irin na tocila, yana kuma samun ƙarin wuta daga juyawar fankar. Amfanin wannan a garinmu a bayyane yake: idan aka ɗauke wuta, masu injin gudu sukan yi cirko-cirko suna jiran a tada janareta, masu tuƙi kuwa ko ɗagowa ba sa yi.

Kocin ba ya barin sabon shiga ya fara ja da ƙarfi a ranar farko, kuma a ganina wannan ne babban abin da kuɗin mutum yake saya masa a wurin. Yakan fara da gyara matakin ƙafa har sai maɗaurin ya ratsa ta wajen tushen yatsu, sannan ya sa mutum ya matso gaba, hannuwa a miƙe, kafaɗu a sake, baya a tsaye ba a tanƙware ba, ƙwauri kuma a miƙe sosai ba tare da gwiwa ta wuce idon sawu da nisa ba. Daga nan sai turawa, wadda take da tsari guda da ba ya canzawa: ƙafafu ne za su fara tura jiki baya, idan sun kusa miƙewa sai gangar jiki ta ɗan kishingiɗa daga ƙugu, a ƙarshe hannuwa su jawo mariƙin zuwa ƙasan haƙarƙari. Komawa gaba kuma akasin haka ne, wato hannuwa su miƙe tukuna, jiki ya sunkuya daga ƙugu, sai bayan mariƙin ya wuce gwiwoyi sannan a lanƙwasa su. Komawar ya kamata ta ɗauki kusan ninki biyu na lokacin turawa, domin a cikinta ne ake shaƙar numfashi a kuma huta.

Na ga yadda ya yi da wani dattijo mai ƙiba wanda ya zo da tunanin cewa aikin na damtse ne. Dattijon yana fizgar mariƙin zuwa wuya tun ƙafafunsa ba su motsa ba, kafaɗunsa sun haɗe da kunnuwa, sarƙar kuma tana tsalle sama da ƙasa saboda yana ɗaga hannu domin ya tsallake gwiwoyinsa. Kocin ya durƙusa a gefensa, ya ɗora tafin hannu a gadon bayansa, ya ce, “Alhaji, a yi haƙuri a manta da hannun nan tukuna, a tura da ƙafa kamar za a miƙe tsaye.” Ya sa shi ya yi ta turawa da ƙafa kaɗai, hannuwa a miƙe, har sai da sarƙar ta daina rawa ta riƙa tafiya a layi ɗaya, ƙarar fankar ma ta canza daga fizge-fizge zuwa wani dogon huci mai tashi da sauka. Wannan gyara ba na ado ba ne, domin mafi yawan ƙarfin tuƙi daga cinyoyi da ɗuwawu yake fitowa, kuma wanda ya ɗora wa ƙugunsa aikin da ƙafa ya kamata ta yi, musamman da baya a tanƙware, shi ne yake tashi da ciwon baya ya ce injin ne bai karɓe shi ba.

Abu na biyu da yake yaƙi da shi kullum shi ne ɗan hannun da ke gefen kejin fanka, mai lamba daga 1 zuwa 10. Samari da yawa da zarar sun zauna sai su kai shi 10, suna ganin hakan ne jarumta. Aikin hannun kawai shi ne buɗe ko rufe hanyar da iska ke shiga kejin; idan an buɗe sosai fankar tana saurin rage gudu tsakanin ja da ja, sai kowane ja ya zama kamar tada babban jirgin ruwa mai lodi daga tsaye, tsokoki su gaji tun zuciya da huhu ba su samu aikin da aka zo nema ba. Kamfanin da kansa yana ba da shawarar a tsaya tsakanin 3 da 5 a mafi yawan atisaye. Kocin ya ƙara da wani bayani da ya dace da Jos, wanda ban taɓa jin wani ya yi ba: garin yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, iskarsa ba ta kai ta Legas kauri ba, don haka lamba 5 a nan ta fi lamba 5 a can sauƙi. Shi ya sa ba ya dogara da lambar, sai ya shiga cikin allon ya duba ma'aunin turjiyar iska, ya daidaita wa kowa nasa gwargwadon jikinsa.

Tsarin atisayen kansa ba shi da wani sirri. Ana ɗumama jiki da tuƙi mai sauƙi na minti 5 zuwa 10, sannan sabon shiga ya yi gajerun zagaye da hutu a tsakani, yana ja sau 18 zuwa 24 a minti ɗaya, yana lura da lokacin da allon ya nuna zai ɗauka kafin ya cinye mita 500. Ba a barin kowa ya gwada mita 2,000, nisan da ake tsere a kai a gasar Olamfik, sai zamansa ya daidaita. Kocin yakan tuna wa mutane cewa Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma ma'auninsa na matsakaici shi ne mutum ya iya yin magana yana tuƙi, ko da a yanke-yanke.

Ta fuskar kiyaye lafiya ma sun yi ƙoƙari. Kafin a yi wa mutum rajista ana tambayarsa ko yana da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko matsalar ƙashin baya, kuma mai irin waɗannan ana ce masa ya fara ganin likita. An gargaɗe mu cewa ciwon ƙirji, jiri, ko wani zafi mai suka a baya dalili ne na tsayawa nan take. Akwai kuma dokar sutura wadda ta shafe mu kai tsaye: ba a hawa da jallabiya, ko doguwar riga, ko hijabi mai jan ƙasa, domin gefen tufa yana iya shiga ƙarƙashin tayoyin mazaunin ya tsayar da mutum yana tsakiyar ja. Riƙe mariƙi da sassauci shi ma an nanata shi, saboda matse shi ne yake kawo bororo a tafin hannu da gajiyar wuyan hannu.

Inda cibiyar ta gaza shi ne kula da injinan, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Umarnin masu ƙera injin shi ne a shafa wa sarƙar mai bayan kowace awa 50 ta aiki, a kuma goge doron ƙarfen bayan an gama, amma a nan sarƙar ɗaya daga cikinsu ta bushe har tana ƙara, doron kuma ya tara baƙin datti wanda yake sa mazaunin yin gargada. Da hunturu ya shigo, ƙura ta toshe ramukan kejin fankar har ana iya ɗebo ta da yatsa, abin da ke rage iskar da ke shiga ya kuma ɓata daidaiton da kocin yake wahalar yi. Na yi wa mai kula da wurin magana, ya ce za a duba, kocin ne dai daga baya na gani da tsumma yana yin aikin da ba nasa ba. Wannan ba batun tsada ba ne, tunda ɗan man inji da buroshi sun wadatar.

Injinan kuma sun yi kaɗan ga yawan masu zuwa bayan la'asar, inda mutum zai ɗumama jiki sannan ya tsaya layi har ya huce. Lokacin da aka ware wa mata gajere ne, ya kuma faɗo a tsakiyar rana sa'ad da ma'aikata da ɗalibai ba su da sarari, ga shi babu mace mai horarwa da ta san injin, alhali gyaran zama yana bukatar a taɓa kafaɗa ko baya. Kuɗin wata bai yi yawa ba idan aka kwatanta da sayen injin a gida, wanda dole a shigo da shi daga waje da dala, sai dai ba a sayar da darasin tuƙin shi kaɗai, dole mutum ya biya kuɗin cibiyar gaba ɗaya. Wanda zai je ya zaɓi zaman safe bayan asuba, lokacin da kocin yake da sararin tsayawa a kan kowa, ya kuma tafi da ƙaramin tawul nasa domin goge mazauni da mariƙi, tunda cibiyar ba ta tanadar ba.