Ƙauracewa ko sayen na gida: wanne ya fi kusa da adalci?

Maman Hanifa, kin ce kin daina sayen lemon kwalba da wasu kayan kamfanonin waje saboda abin da ke faruwa a Gaza, maigida kuma ya ce gara ki mai da hankali kan sayen kayan gida. Kina son sanin wanne ya fi.

Ƙauracewa makami ne, amma na taro. A Montgomery ta Amurka, baƙar fata sun yi kwana 381 ba sa hawa bas, daga Disambar 1955, bayan an kama Rosa Parks, wata baƙar fata da ta ƙi tashi ta ba farar fata kujerarta a bas. Abin ya ci ne domin su ne mafi yawan fasinjoji, kuma buƙatarsu a fili take. Ke kaɗai a Gombe, kwalbar da kika bari ba za ta girgiza kamfani ba, kuma mai shagon unguwarku ne zai fara jin ta. Duk da haka ban raina ta ba. Mutum ya ce kuɗina ba za su bi ta nan ba, ya kuma tsaya a kai, wannan ma matsayi ne, yaranki suna gani.

Sayen na gida kuwa, kuɗin a hannun wanda kike gani suke sauka: mai zoɓo, mai kunun aya, Bafulatanar da ta tako da ƙwaryar nono tun safe, manomin tumatir na Dadin Kowa. Sai dai nan ma akwai inda gizo ke saƙa. Lokacin kaka tumatir ba ya jira, manomi ya san in ya kwana zai ruɓe, mu ma mun sani, shi ya sa muke taya masa a wulaƙance. Ya ce albarka, mu juya baya har sai ya kira mu ya sallama, sannan mu nemi gyara. A babban kanti kuwa abin da aka rubuta muke biya, ko tari ba ma yi. Haka a kasuwar Tudun Hatsi, wanda ke kwashe masara da kaka ya ɓoye sai ta yi tsada, ai shi ma na gida ya saya.

Ni dai na fi karkata ga maganar maigida, da sharaɗin a biya mutane haƙƙin guminsu. Lemon kuma ki ci gaba da barinsa in zuciyarki ta fi natsuwa da haka, kuɗinsa ki kai wa mai zoɓo, kada ki nemi ragi.