Gargaɗi ga masu sayen zanen tseren dawaki na Pál Fried ta intanet

Ana tallata zanen tseren dawaki na tsallake shinge a Facebook da Instagram da ƙananan shafukan gwanjo da sunan Pál Fried, kuma ba duka ne suka fito daga hannunsa ba. Masu son dawaki da ke neman abin ratayawa a falo ko ofis su ake hari.

An haifi Fried a Budapest ta ƙasar Hangari a 1893. Ya koyi zane a can da kuma Paris, ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1946 bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya rasu a New York a 1976. An fi saninsa da zanen mata da 'yan rawar bale, amma ya zana dawaki da mahaya da yawa. Yakan sa hannu da "Fried Pál", sunan dangi a gaba, kamar yadda mutanen Hangari ke yi. Yana kuma da ɗabi'ar maimaita zane ɗaya sau da dama da ɗan bambanci, kuma nan ne 'yan damfara suka samu mafaka. Idan ka ce ka taɓa ganin irin zanen a wani wuri, sai a ce maka ai dama shi haka yake yi. Gaskiya ne, amma biyun da aka zana da hannu ba sa taɓa zama daidai wa daida. Ka sa hoton tallar a Google Lens, manhajar da ke nemo hotuna masu kama da shi a intanet. In ka samo wani da aka taɓa sayarwa, ka gwada ƙafafun dokin gaba, ninkin rigar mahayi da ƙurar da kofato ya tayar. In komai ya hau kan komai ba ko kuskure, hoto aka ɗauka aka buga.

Aikin jabun ba shi da wuya. Ana ɗauko hoton zane na gaske daga shafin gidan gwanjo, a buga shi da inji a kan yadin zane, a bi samansa da wani man ƙyalli mai kauri marar launi da buroshi don a ji tudu-tudu a hannu. Sai a shafa wa bayan ruwan shayi ya yi duhu, a sa shi cikin tsohon firam da aka sayo da araha. Firam ɗin kan iya zama tsoho da gaske, shi ya sa ba ya zama hujjar komai.

Fuskar zanen ce ke tona asiri. Ka kashe fitilar ɗaki, ka riƙe tocila a gefe dab da yadin ta yadda haske zai kwanta a kansa. A zanen mai na gaske, tudun fenti yana bin siffar abin da aka zana: inda farin goshin doki yake, farin fenti ne ya tashi, kuma layin buroshi yana bin wuyan dokin. A na jabu, layukan suna ratsa doki da shinge da sararin sama gaba ɗaya, ba ruwansu da abin da ke ƙarƙashi. Sannan ka duba da gilashin ƙara girma mai ninki 10, irin na maƙeran zinari. Bugun inji yana nuna ƙananan ɗige-ɗige na shuɗi da ja da rawaya da baƙi. Fenti ba shi da ɗige. In ba za ka iya zuwa da kanka ba, ka nemi bidiyo na kusa, a haska tocila daga gefe, a ajiye takarda mai ɗauke da ranar a jikin firam. Wanda ya ce zanen yana naɗe ba zai iya buɗewa ba, ƙila ma ba ya hannunsa.

Akwai kuma wata dabarar da ta fi wannan wuyar kamawa: zanen mai na gaske, amma na wani da ba a sani ba, aka ƙara masa sunan Fried daga baya. A nan fitilar ultrabayolet, irin wadda ake gwada jabun kuɗi da ita, mai nanomita 365 ke amfani. Tsohon man ƙyalli na ƙaro yakan ba da haske mai kore-kore, sabon fentin da aka ɗora a kansa kuma ya fito da duhu. In sa hannun ne kaɗai ya yi baƙi ƙirin, ko fentinsa ya gangara cikin tsagar tsohon fenti, to bayan zanen ya tsufa aka rubuta shi. Kada dai a yanke hukunci da ganin an ɗaure yadin da ƙarfen sitafula maimakon ƙusa, domin Fried ya yi aiki a shekarun 1950 da 1960, lokacin da an riga an fara amfani da ita.

Wasu kan liƙa wa zanen sunan shahararren tsere don kuɗinsa ya tashi. Shingayen Grand National a Aintree ta Ingila rassan itace masu ganye ake jibga musu, na Maryland Hunt Cup a Amurka kuwa katako ne tsagwaro. Wanda ya kira zane mai koren shinge da sunan Maryland bai san hajarsa ba, ko yana zaton kai ba ka sani ba.

Takardar shaida mai hatimi da ruwan zinare kowa na iya bugawa a shagon kwamfuta. Abin nema shi ne sunan gidan gwanjon da aka taɓa sayar da zanen, da ranar, da lambar kayan, don ka duba a shafukan da ke ajiye bayanan gwanjo, kamar LiveAuctioneers ko Invaluable ko askART. A can za ka ga ayyukan Fried sukan tafi ne daga ɗaruruwan dala zuwa 'yan dubbai, don haka mai ce maka za ka sayar ka ninka kuɗinka sau goma yana sayar maka da mafarki ne. Ka kuma karanta rubutun tallar da kyau: in an sa "after" ko "manner of" kafin sunan Fried, mai kayan ya riga ya ce ba Fried ne ya zana ba, ba ka da abin kai ƙara.

Wajen biya ake gama da mutum. Za a nemi kafin alƙalami ta Western Union, ko kuɗin kirifto, ko katin kyauta, ko sashen 'yan uwa da abokai na PayPal, wanda ba ya ba mai saye kariya. Bayan haka kuɗin inshora zai biyo, sai na kwastan, sai na izinin fitarwa. In an ce maka zanen yana Hangari ne, gaskiya ne ƙasar tana buƙatar izini kafin a fitar da kayan fasahar da suka haura shekara 50, amma takarda ce mai lamba da hukuma ke bayarwa, kuma sai ka ga kwafinta kafin ka biya. Ka biya da katin banki a cikin shafin da ke da tsarin mayar da kuɗi, ka sa mai kayan ya rubuta cewa fentin mai ne a kan yadi, na hannun Fried. Ranar da kayan suka iso ka ɗauki bidiyon buɗe kwalin, ka yi gwajin tocila da gilashi nan take, domin wa'adin ƙorafi a shafuka irin su eBay kwana 30 ne daga ranar isowa.