Manhajar bibiyar masu cutar korona: rumbu ɗaya ko wayar kowa?

A 2020 majalisun Turai sun yi ta ja-in-ja kan inda za a adana bayanan mutanen da suka kusanci mai korona. Tsari biyu ne. Na farko yana tura lambobin shaida (ba lambobin kira ba) da wayoyin da suka kusanci juna suka yi musaya ta Bluetooth zuwa rumbun gwamnati, can ake tantance wanda za a gargaɗa. Wasu likitoci sun fi son sa domin suna ganin yadda cutar ke yaɗuwa. Faransa ta zaɓe shi, majalisarta ta amince da manhajar StopCovid a watan Mayu.

Matsalar tana cikin wayar. iPhone ba ya barin manhaja ta yi amfani da Bluetooth sosai idan allo ya kulle, wayar na aljihu, sai mutum ya zauna kusa da mai cutar ba a rubuta komai ba. Gwajin da Birtaniya ta yi a tsibirin Wight ya nuna haka, ta watsar da tsarin a Yuni.

Na biyun, na Apple da Google, yana barin lambobin a waya, ita ke duba su da kanta. Sirrin jama'a ya fi tsira, kuma a ganina shi ya fi, ko da yake hukumar lafiya ba ta sanin wa aka gargaɗa.