Ajin Excel na yamma a Aboabo: ra'ayin mai shagon atamfa

Duk mai shago a Alabar ko Kejetia da littafin bashinsa ya fi na ciniki kauri, akwai wani ɗan ajin kwamfuta a saman bene a Aboabo, a nan Kumasi, da ya cancanci kuɗinsa, ko da yake yana da nasa aibu. Ni atamfa da shadda nake sayarwa. Buƙatata ɗaya ce: in san wanda bashinsa ya kwana biyu, ba sai na bi littafi shafi-shafi da yatsa ba.

Malamin matashi ne ɗan Zango, da Hausa yake koyarwa, sai inda ta ƙi ya tsoma Turanci. Bai ɓata mana lokaci da tarihin kwamfuta ba. Cewa ya yi kowa ya zo da littafin shagonsa, da shi za a yi karatu a Excel, manhajar lissafi mai layuka da akwatuna. Sunan mutum a layin A, ranar da aka ɗauki kaya a B, ragowar kuɗi a D. Sannan ya rubuta a allo: =IF(D2>0,"bashi","an biya"). Ya ce min, "Alhaji, tambaya ɗaya ce da amsa biyu. In akwai saura ta ce bashi, in babu ta ce an biya." Ka kama ɗan ɗigon da ke kusurwar akwatin ka ja ƙasa, sunaye ɗari su samu hukuncinsu kafin ka sauke hannu.

Inda na ga amfanin kuɗina shi ne da ya haɗa ta da kwanan wata: =IF(AND(D2>0,TODAY()-B2>30),"a kira",""). Wato in mutum yana da saura, kuma kayan sun wuce kwana 30 a hannunsa, sai "a kira" ta fito gefen sunansa. Kullum ka buɗe, lissafin kwanakin ya ƙaru da kansa. Ya kuma nuna mana yadda akwatin zai rine ja in ragowar ta haura sidi 500, don ido ya fara sauka a can.

Malamin yana da wata ɗabi'a da nake so: yakan bar ka ka faɗa rami kafin ya miƙo hannu. Wani mai goro da ke zaune kusa da ni bai sa wa wani abokin cinikinsa rana ba, sai kwamfuta ta ce bashin ya wuce kwana 45,000. Aji ya ɗauki dariya, wani ya ce ai wannan kakansa ne ya ci. Ashe Excel daga shekarar 1900 take ƙirga kwanaki, akwatin da babu komai kuma sifiri take ɗaukarsa. Haka ma SUMIF, mai tara duk abin da ake bin mutum ɗaya wuri guda. In ka rubuta Hajiya yau, gobe ka rubuta Hajia yadda muka saba a nan Gana, mutum biyu ne a wurinta. Balle a Zango, inda Hajiya ta fi goma a shafi guda. Shawararsa a tara da lambar waya, amma a sa ɗan alamar ' a gaba, in ba haka ba sifirin farkon lamba, kamar na 024, zai ɓace.

To, aibun. Kwamfutocin sun tsufa, Excel 2016 ce a kansu, ita kuwa IFS, mai ɗaukar sharuɗɗa da yawa a jere, sai daga Excel 2019 ta shigo. Dole muka riƙa cusa IF cikin IF muna ƙirga baka, ɗaya ya ɓace komai ya tsaya. Excel ta yarda a cusa har 64, amma Malam ya ce wanda ya wuce uku ya koma ya sake tunani, kuma na yarda da shi. Ɗalibai sun fi injinan yawa, wanda ya makara sai leƙe ta kafaɗar wani. Lokacin ajin yana cin karo da magariba, babu janareta in an ɗauke wuta, babu kuma takardar da za ka tafi da ita gida, sai hoton allo da ka ɗauka da wayarka.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya, yawancinmu ba mu da kwamfuta a shago, waya ce a hannunmu. Waɗannan fomuloli duka suna aiki a Google Sheets, manhaja irin Excel da ake buɗewa a waya, kyauta, amma a gurguje ya taɓa wannan a ranar ƙarshe. Da ni ne, da nan zan fara.

Wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba zai sha wuya, don Malam yana da sauri. Ya zo da ɗansa ko yaron shagonsa su zauna tare. A je da wuri a kama injin da ke kusa da taga, shi ne madanninsa ba sa maƙalewa.