Malamin manya, wane kwas da wane kayan aiki ya kamata ka zuba wa kuɗinka?

Duk wanda ya shiga aikin koyar da manya, ko ajin yaƙi da jahilci ne ko na koyon Turanci, ba ya daɗewa tallace-tallace suke fara yi masa sallama: ga kwas, ga satifiket, ga ƙungiya ka shiga, ga littattafai ka saya. Aljihun malami kuwa ba shi da zurfi, lokacinsa ma ƙididdigagge ne. Kafin ka ciro ko sisi, akwai tambayar da za ka fara amsa wa kanka, domin ita ce za ta bambance maka aya da tsakuwa. Ɗaliban da ke gabanka sun iya karatu da rubutu a wani harshe, kowane iri ne, ko a hannunka za su fara riƙe alƙalami?

Waɗannan ajujuwa biyu ne daban, ko da a ɗaki ɗaya suke zaune. Wanda ya taɓa karatu ya riga ya san cewa magana tana rabuwa kalma-kalma, kalma kuma tana rabuwa sauti-sauti, kuma kowane sauti ana iya ba shi alama a takarda. Wanda bai taɓa karatu ba, wannan sanin ne ya kamata a fara gina masa. A 1979 José Morais da abokan aikinsa sun gwada manya a ƙasar Fotugal, suka ga waɗanda ba su taɓa koyon karatu ba suna shan wahala wajen cire sauti ɗaya daga farkon kalma ko ƙara shi, alhali takwarorinsu da suka koyi karatu da girmansu suna yin hakan. Ba ƙarancin basira ne ya jawo haka ba; karatun haruffa ne ke koya wa kunne wannan aiki. To ka ɗora Turanci a kai, harshen da ke da haruffa 26 amma sautukansa sun kai wajen 44, rubutunsa kuma sau da yawa ba ya bin furucinsa. Mafi yawan kayan da ake tallatawa an yi su ne domin aji na farko, ana sayar wa malaman aji na biyu ba tare da an gaya musu ba.

Shi ya sa idan malamin manya ya tambaye ni inda zai fara, LESLLA nake nuna masa, kuma ba na ɓoye cewa ita ce zaɓina. Ƙungiya ce ta malamai da masu bincike daga ƙasashe daban-daban, ta fara taronta a birnin Tilburg na ƙasar Holan a 2005, kuma aikinta kacokan a kan mutum ɗaya yake: baligin da ke koyon sabon harshe alhali bai yi makaranta ba, ko ya yi kaɗan ya bari. Takardun da ake gabatarwa a tarukanta suna nan a intanet, ana karantawa kyauta. Ka karanta su tukuna, in ka ga sun amfane ka sai ka yi tunanin biyan kuɗin zama mamba.

Abin da ya sa na riƙe ta shi ne tana magana a kan abubuwan da nake gani da idona a aji, waɗanda manyan littattafan horar da malamai ke tsallakewa. Misali, zanen da malami ke ɗauka a fili yake, kamar kibiya mai nuna hanya, ko kumfar da ake zanawa a saman kan mutum don nuna yana tunani, ko jadawali mai layi da ginshiƙi, duk waɗannan koyonsu ake yi, kuma wanda bai saba da takarda ba bai zama dole ya gane su ba. Hoton gaske na abin da ɗalibi ya sani ya fi zane aiki nesa ba kusa ba. A can na fahimci dalilin da ya sa magana take riga rubutu: kada ka sa mutum ya karanta kalmar da bai taɓa furtawa da bakinsa ba, bai kuma san ma'anarta ba. A can kuma na ƙara sanin dabarar nan da ɗalibai ke ba da labarin abin da ya faru da su, malami ya rubuta a allo da kalmominsu, sannan wannan rubutun ya zama littafin karatunsu na makon. Daga cikinsa ake ciro kalmomi, a yanka su gaɓa-gaɓa, a nemo sautin da ake so a koya, a sake haɗawa. Babu kamfanin da zai sayar maka da littafin da ya kai wannan dacewa da ajinka, kuma allo da alli kawai yake ci. Binciken da Larry Condelli da Heide Wrigley suka jagoranta a Amurka a farkon shekarun 2000 ya nuna ɗalibai sun fi ci gaba a karatu a ajujuwan da malamai ke shigo da abubuwan rayuwar yau da kullum, irin su takardar asibiti da rasit da tallan kaya, kuma yin bayani da harshen ɗalibi idan abu ya shige masa duhu yana taimakawa.

Kusa da ita akwai jagorar LASLLIAM da Majalisar Turai (Council of Europe) ta fitar a 2022, ita ma kyauta. Ma'aunin harsuna na Turai da aka sani, wanda ya fito a 2001, yana hawa daga A1, matakin farko, zuwa C2, matakin ƙoli, amma ɗalibin da bai iya rubuta sunansa ba yana iya shafe watanni yana ci gaba na gaske bai taɓa A1 ba. Wannan jagora ta raba farkon tafiyar zuwa matakai huɗu, don malami ya sami abin da zai nuna wa ɗalibi da masu ɗaukar nauyin ajin cewa ana motsawa.

Idan kuma takardar shaidar koyar da Turanci kake nema domin neman aiki, biyu ne nake iya tsayawa a kansu: CELTA ta Cambridge da CertTESOL ta Trinity College London. CELTA tana ɗaukar aƙalla awa 120, akan gama ta cikin mako huɗu zuwa biyar in an zauna mata gaba ɗaya, da aikin rubutu guda huɗu. Abin da ya ba su daraja a wurina shi ne awa shida na koyarwa a gaban ɗalibai manya na gaske, mai horarwa yana zaune yana kallo, bayan darasi ya zauna da kai ya warware maka inda ka yi daidai da inda ka kauce. Duka biyun suna da tsada, suna kuma da gajiyarwa. Sai dai ka sani, an gina su ne bisa zaton ɗalibanka sun iya karatu, don haka malamin yaƙi da jahilci zai fito da dabarun tafiyar da aji masu kyau, amma koyar da baƙi da wasali sai ya nemo a wani wuri.

TKT, ita ma ta Cambridge, jarrabawa ce ta zaɓen amsa, tana auna abin da ka sani game da koyarwa, ba ta ganin yadda kake koyarwa. DELTA, diflomar Cambridge, ta waɗanda suka daɗe a aikin ce, sabon shiga ya bar ta tukuna. Ƙungiyoyin malaman Turanci, wato TESOL, wadda aka kafa a Amurka a 1966, da IATEFL ta Ingila, 1967, manya ne masu mujallu da taruka, amma malamin manya ɗan ƙaramin sashe ne a cikinsu. Shafin TeachingEnglish na British Council da na American English suna da darussa da yawa kyauta, a zaɓa da hankali. ProLiteracy, wadda ta samu daga haɗewar ƙungiyoyi biyu a 2002, ta gaji tsarin Frank Laubach, mutumin da ya fara aikin yaƙi da jahilci a tsibirin Mindanao na Filifin wajen 1930 da manufar kowa ya koya wa wani. Littattafanta na manya ne tun asali, ko da yake misalansu na rayuwar Amurka ne.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne. Kalmar TEFL ko TESOL a jikin satifiket ba mallakar kowa ba ce, sunan fage ne kawai, wato koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne, kamar a ce aikin jinya. Kowa na iya buɗe shafi yau, gobe ya fara buga takarda mai tambarin zinariya. Na san wannan domin na taɓa faɗawa. A farkon aikina na biya wani kamfani kuɗin kwas na intanet da aka ce na awa 120 ne. Bidiyo ne da tambayoyin zaɓen amsa, in ka faɗi ka sake har ka ci, kuma na gama cikin 'yan kwanaki. Babu wanda ya ga fuskata, balle ya ga darasina. Daga baya na bi diddigin hukumar da aka ce ta tantance kwas ɗin, na tarar adireshinta ɗaya da na kamfanin. Asarar kuɗin ba ta dame ni kamar abin da ya biyo baya ba. Na shiga aji da kayan da suka ba ni, takardu masu zanen 'yan dabbobi da waƙoƙin yara, na raba wa mutanen da wasunsu sun haife ni. Wani dattijo ya duba takardar, ya kife ta a kan tebur, ya zauna shiru har aka tashi. Bai sake dawowa ba. Mutumin da ya danne kunyarsa ya zo koyon karatu da furfura a kansa, ni na kore shi da takardar da na saya.

Alamomin 'yan damfarar nan kusan iri ɗaya ne. Ragin farashi mai yawa da agogo yana ƙirga saura awa kaɗan ya ƙare, gobe ka dawo ka tarar agogon ya koma farko. Alkawarin samun aiki tabbas. Tambarin jami'o'i da ba su san da zamansu ba. Sunan da aka ƙera ya yi kama da na Cambridge ko Oxford, alhali garin kawai aka ara. Babu sunan mai horarwa ko ɗaya, babu jarrabawar shiga, ko Turancinka ba a tambaya. Wasu ma sukan rubuta cewa takardarsu daidai take da CELTA. Wannan magana tasu ce su kaɗai. Akwai kuma masu tattara darussan da British Council da wasu suka saka kyauta, su canza musu bango su sayar. Haka nan littattafan da aka buga ba da izini ba: shafuka a ɓace, muryoyin da ya kamata su zo da littafin babu su.

Kafin ka biya, rubuta musu ka tambaya: awa nawa zan koyar a gaban ɗalibai manya na gaske, wa zai kalle ni, kuma mene ne cancantarsa? Wace hukuma ce ta tantance ku? In sun ambaci suna, kada ka tsaya a shafinsu, je shafin hukumar da kanka. Cambridge da Trinity duk suna da jerin cibiyoyin da suka amince da su, kuma rajistar Ofqual, hukumar da ke kula da takardun shaida a Ingila, a buɗe take ga kowa. Sannan ka tambayi makarantar da kake son yi wa aiki ko tana karɓar takardar, tun kafin kuɗi su bar hannunka. Littafi kuma, nemi a nuna maka darasi uku na farko, ka ƙirga sababbin kalmomin da ke kowane shafi, ka duba girman haruffan, ka duba hotunan ko na manya ne masu harkokin manya.