Lekki ko Erin-Ijesha: ina za a je yawon daji?

Tun da na saka hotunan daji a WhatsApp, 'yan uwa na Agege da Mile 12 suke ta tambayata: "Malam, Lekki za mu je ko Erin-Ijesha?"

Wajen kuɗi, Lekki ta fi sauƙi. Gandun dajin, wato Lekki Conservation Centre, yana nan Legas kan titin Lekki zuwa Epe, ka shiga da hantsi ka fito kafin la'asar, in cunkoso ya ƙyale ka. Erin-Ijesha kuwa, inda ruwa ke kwararowa daga saman dutse, tana Jihar Osun, sai an yi asubanci, ga kuɗin mota, wataƙila har da na masauki.

A Lekki kan katako ake tafiya, hanyar ta zagaya ta maido ka inda ka fara. Abin tsoron shi ne gadar sama mai tsawon mita 401. Lilo take yi, na ga ƙato ya ƙanƙame igiya yana ta salati. Birai kuma ba kunya, ɗaya ya fizge min ayaba a hannu.

Erin-Ijesha ruwa ne ke gangarowa hawa bakwai ta cikin kwazazzabo mai duhun itatuwa. Ƙasa akwai matakala, sama kuwa sai dafa dutse da saiwa, kuma da damina santsi ba ya wasa. Silifas ba zai kai ka ba. Amma sanyin ruwan nan a gadon bayana, har yau ina jin sa.

Mai iyali, ko wanda Lahadi kaɗai yake hutu, Lekki ta ishe shi. Matashi mai ƙafa da kwana biyu a hannu, ya nufi Osun.